Zaɓen Cike Gurbi a Majalisar Dokokin Jiha: Ma'anarsa da Ƙa'idojinsa da Yadda Yake Gudana a Kano

1.0 Gabatarwa

Duk mai sauraron labarun rediyo da Hausa ya sha jin an ce za a yi zaɓen cike gurbi a wuri kaza. Yawancin jama'a ba su cika ba shi muhimmanci ba, domin ba ya zuwa da hayaniyar babban zaɓe, kuma ba a zaɓen gwamna ko shugaban ƙasa a cikinsa. To amma wanda ya duba da idon basira zai ga cewa a bayan kowane irin wannan zaɓe akwai wata al'umma wadda aka daina jin muryarta a zauren da ake yi mata dokoki, kuma ba za a sake jin ta ba sai ranar da aka cike gurbin.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana ma'anar zaɓen cike gurbi, da abubuwan da suke haddasa shi, da ƙa'idojin da Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya shimfiɗa masa, sannan a gwada waɗannan ƙa'idoji da abin da ya faru a Jihar Kano. Za mu riƙa ba da misali da Tudun Wada ta Ƙaramar Hukumar Nassarawa a cikin birni, ba Ƙaramar Hukumar Tudun Wada ta kudancin jihar ba. Don gudun ruɗani, za mu yi amfani da kalmar "mazaɓa" ga yankin da ɗan majalisa yake wakilta, "gunduma" ga yankin da kansila yake wakilta, "rumfa" kuwa ga wurin da ake jefa ƙuri'a.

2.0 Ma'anar Kalmomi

A Hausa, gurbi shi ne wurin da wani abu ya saba zama, kamar ramin da ake ajiye ɗan dara, ko wurin da kaza take kwanciya a kan ƙwai. Idan abin ya tashi, gurbin yana nan yana nuna cewa an yi rashi. Shi ya sa Bahaushe yake cewa gurbin ido ba ido ba ne. Aikatau "cike" kuwa yana cikin aji na huɗu a rabe-raben Parsons, watau ajin da yake nuna cikar aiki ba tare da saura ba. Ashe ke nan wanda ya fara haɗa kalmomin nan biyu ya dace, domin zaɓen cike gurbi shi ne zaɓen da ake yi a tsakanin babban zaɓe da babban zaɓe don a mayar da wakili a kujerar da ta zama fanko.

A bakin jama'a, kai har da kafofin watsa labarai, akan kira zaɓe iri uku da wannan suna guda, alhali kuwa kowanne da tushensa.

Na farko shi ne zaɓen cike gurbi na ainihi. Wannan sabon zaɓe ne ɗungurungum. An riga an zaɓi wakili, ya shiga majalisa, sannan kujerarsa ta faɗi. Jam'iyyu za su tsayar da 'yan takara sababbi, kuma za a jefa ƙuri'a a dukkan rumfunan mazaɓar.

Na biyu shi ne zaɓen ƙarashe, wanda ake yi idan zaɓe bai kammalu ba. Yana faruwa ne idan aka soke ƙuri'un wasu rumfuna, kuma ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu ƙuri'a a rumfunan da aka soke ba. Mutanen Tudun Wada ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, domin a maƙwabciyarsu Gama aka yi wanda ya fi shahara. A zaɓen gwamna na ranar 9 ga Maris 2019, ɗan takarar PDP, Abba Kabir Yusuf, yana gaban na APC, Abdullahi Umar Ganduje, da ƙuri'a 26,655 lokacin da aka ce zaɓe bai kammalu ba. Aka koma rumfunan da aka soke, har da na Gama, a ranar 23 ga Maris, daga bisani aka bayyana Ganduje ne ya ci. Tun daga nan kalmar "inkwankulusib" ta sami gindin zama a Hausar Kano.

Na uku shi ne zaɓen maimaici, wanda kotu take ba da umarnin a sake bayan ta saurari ƙara. A nan 'yan takarar farko ne suke sake karawa, sau da yawa a rumfuna 'yan ƙalilan. Wannan maƙala ta fi mayar da hankali ne ga nau'i na farko.

3.0 Matsayin Kujera Guda

Kafin mu san girman rashi, sai mun san girman abin da aka rasa. Sashe na 91 na Tsarin Mulki ya ce wakilan majalisar dokokin jiha kada su gaza 24, kada kuma su wuce 40. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, amma kujerunta 40 ne, don haka aka haɗa wasu ƙananan hukumomi biyu-biyu a mazaɓa guda, kamar Bagwai da Shanono, da Kura da Garun Malam, da Rimin Gado da Tofa. A Jamhuriya ta Biyu, kafin a cire Jigawa a 1991, majalisar tsohuwar Jihar Kano tana da wakilai 138.

Ƙaramar Hukumar Nassarawa tana da gundumomi 11, watau Tudun Wada, da Gama, da Gwagwarwa, da Tudun Murtala, da Ƙaura Goje, da Gawuna, da Dakata, da Kawaji, da Giginyu, da Hotoro ta Arewa, da Hotoro ta Kudu. A ƙidayar 2006 mutanenta sun kusa 600,000, kuma ba shakka sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Duk wannan taron jama'a wakili guda suke da shi a majalisar jiha. Idan za a yi magana a kan magudanar ruwan Tudun Wada ko cunkoson azuzuwan makarantunta a lokacin muhawarar kasafin kuɗi, bakin mutum ɗaya ne doka ta ba izinin yin ta da sunansu. In kujerarsa ta faɗi, wakilin wata mazaɓa yana iya tausaya musu ya tsoma baki, amma ba su suka zaɓe shi ba, kuma ba gabansu zai koma neman ƙuri'a ba.

Har ila yau, kujera guda tana iya sauya lissafin majalisa baki ɗaya. Akwai al'amuran da ba sa yiwuwa sai da kashi biyu cikin uku na wakilai, kamar tsige gwamna ko kakakin majalisa, ko zartar da dokar da gwamna ya ƙi sa wa hannu. A majalisa mai wakilai 40, kashi biyu cikin uku shi ne 27. A zaɓen 2023 NNPP ta sami kujeru 26, APC ta sami 14, watau kujera ɗaya rak ta rage wa masu rinjaye su kai wannan adadi. Tarihi ma ya nuna ba wasa ba ne, domin da irin wannan rinjaye majalisar Jihar Kaduna ta tsige Gwamna Abdulkadir Balarabe Musa a watan Yuni 1981.

4.0 Abubuwan da Suke Haddasa Gurbi

Babban dalili shi ne mutuwa, wadda ba ta shawara da kowa. Na biyu shi ne murabus, inda wakili zai rubuta wa kakakin majalisa cewa ya sauka. Sauran dalilan kuwa sashe na 109 ne ya jera su. Ga muhimmai daga ciki:

(a) idan wakili ya zama ɗan wata majalisar dokoki;
(b) idan ya zama gwamna ko mataimakinsa, ko minista, ko kwamishina, ko mai ba da shawara na musamman;
(c) idan ya daina zama ɗan ƙasa;
(d) idan ya ƙi halartar zama ba tare da hujja ba, har kwanakin da ya rasa suka wuce sulusin kwanakin zaman shekara;
(e) idan ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya koma wata, sai fa idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata;
(f) idan mutanen mazaɓarsa suka yi masa kiranye.

Biyu na ƙarshe suna bukatar ƙarin bayani. Game da sauya sheƙa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2015 a shari'ar Ifedayo Abegunde, ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Ondo, cewa rabuwar da za ta zama uzuri ita ce wadda ta taɓa shugabancin jam'iyya na ƙasa, ba rigimar reshen jiha ba. Duk da haka, da wuya a ji an yi zaɓen cike gurbi saboda sauya sheƙa. Dalili shi ne kakakin majalisa ne doka ta ɗora wa alhakin zartar da faɗuwar kujera, shi kuwa ɗan jam'iyya ne. Idan wajensu aka komo, wa zai kori baƙon da ya kawo masa ƙarin ƙuri'a?

Kiranye kuwa sashe na 110 ne ya tsara shi. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu a takardar koke, sannan hukumar zaɓe ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Sharaɗi ne mai tsauri, kuma yunƙurin da aka yi a kan Sanata Dino Melaye na Jihar Kogi a 2018 ya rushe tun a matakin tantance sa hannu. Saboda haka, a aikace, mutuwa da murabus ne suke buɗe yawancin guraben da ake cikewa.

5.0 Yadda Ake Gudanar da Zaɓen

Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, ita ce mai gudanar da zaɓen 'yan majalisar jiha. Hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ba ta da hannu a ciki, domin aikinta ya tsaya ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli.

Mataki na farko shi ne kakakin majalisa ya sanar da hukumar zaɓe a rubuce cewa kujera kaza ta faɗi. Daga nan hukumar za ta sa rana ta fitar da jadawali. Jam'iyyu su yi zaɓen fid da gwani su miƙa sunaye, domin doka ba ta yarda da ɗan takarar da ba shi da jam'iyya ba. Dole ɗan takara ya kai shekara 25, bisa gyaran da aka yi a 2018 wanda ya rage ta daga 30, kuma ya yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa. Wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci. Za a ba shi takardar shaida, ya yi rantsuwa a gaban majalisa, ya ƙarasa abin da ya rage na shekara huɗun majalisar, ba sabon wa'adi zai fara ba. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kotun zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci, kuma shari'ar takan tsaya a Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Game da lokaci, sashe na 116 ya fito fili. Idan gurbi ya samu alhali saura fiye da kwana 90 majalisa ta ƙare wa'adinta, to a yi zaɓe cikin kwana 30 daga ranar da kujerar ta faɗi.

Wani abin lura shi ne hukumar zaɓe takan mayar da waɗannan ƙananan zaɓuɓɓuka fagen gwaji. Shafin intanet da ake ɗora sakamakon rumfuna an fara aiki da shi ne a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a Jihar Nasarawa, a watan Agusta 2020. Na'urar tantance masu ƙuri'a ta BVAS kuwa an fara gwada ta a mazaɓar Isoko ta Kudu ta Ɗaya a Jihar Delta, a watan Satumba 2021. Duka biyun kujerun majalisar jiha ne, kuma duka kayan aikin biyu su aka yi amfani da su a babban zaɓen 2023.

6.0 Abin da Ya Faru a Kano

A watan Afrilu 2024 Allah ya yi wa wakilin Bagwai da Shanono, Alhaji Halilu Ibrahim Kundila na jam'iyyar APC, rasuwa. Bisa ƙa'idar kwana 30, da an cike gurbinsa a watan Mayu. Amma ba a yi zaɓen ba sai ranar 16 ga Agusta 2025, watau bayan wata 16, sulusin rayuwar majalisar ke nan.

Sai mu tambaya, me majalisa ta yi a wannan tsakani? A ranar 23 ga Mayu 2024 ta zartar da dokar da ta rushe tsarin masarautu biyar na 2019. Bagwai da Shanono suna cikin ƙananan hukumomin da wancan tsari ya fitar daga ƙarƙashin Masarautar Kano, don haka dokar ta shafe su kai tsaye. Ko mutum yana goyon bayan dokar ko yana adawa da ita, abu guda ba ya canzawa, watau an yanke hukunci a kan al'amarinsu ba tare da wakilinsu yana zaune ba. Haka kuma aka yi muhawarar kasafin kuɗin 2025 aka gama kujerarsu tana fanko. Aski ne aka yi wa mutum ba ya nan.

Da aka zo zaɓen, NNPP ta karɓe kujerar da ƙuri'a 16,198, APC tana da 5,347. Ƙuri'u dubu ashirin da 'yan kai a ƙananan hukumomi biyu sun nuna yadda jama'a suke ƙaurace wa irin wannan zaɓe. Daɗin daɗawa, 'yan sanda sun ba da sanarwar kama fiye da mutum 200 da ake zargi da bangar siyasa a ranar. Wannan ba abin mamaki ba ne. A babban zaɓe ƙarfin jam'iyyu yakan warwatsu ko'ina cikin jiha, amma a zaɓen cike gurbi kowa da kowa yakan tattaru a 'yar ƙaramar mazaɓa guda, da manyan 'yan siyasa da kuɗinsu da yaransu.

A wannan rana ce kuma aka ƙarasa zaɓen maimaici na mazaɓar Ghari da Tsanyawa, wadda a da ake kira Kunci da Tsanyawa. An fara shi tun 3 ga Fabrairu 2024, hukumar zaɓe ta dakatar da shi saboda hargitsi, ya zauna shekara ɗaya da rabi kafin a kammala, APC ta ci.

A ranar 24 ga Disamba 2025 majalisar ta yi babban rashi, inda wakilai biyu suka rasu a yini guda, watau Aminu Sa'adu na Ungoggo da Sarki Aliyu Daneji na Birni da Kewaye, Allah ya jiƙansu. A wannan karo an yi zaɓe ranar 21 ga Fabrairu 2026, bayan kusan wata biyu. Ko da yake an haura kwana 30, an nuna cewa wata 16 ba dole ba ne.

Ya kamata mu gwada wannan da al'adarmu ta gargajiya, wadda ba ta yarda gadon mulki ya daɗe babu kowa ba. Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya rasu ranar 6 ga Yuni 2014, aka sanar da magajinsa ranar 8 ga wata. Gaskiya ne shawarar masu zaɓen sarki huɗu ba ɗaya take da tara ƙuri'un dubban mutane ba, amma hikimar guda ce: jama'a ba ta zama ba mai magana da yawunta.

7.0 Shin Akwai Wata Hanya?

Hujjar da hukumar zaɓe ta sha bayarwa ita ce kuɗi. Farfesa Mahmood Yakubu, wanda ya shugabance ta daga 2015 zuwa 2025, ya yi kukan cewa ba a sanin lokacin da gurbi zai samu balle a yi masa tanadi a kasafi, ya kuma yi kira da a nemi hanya mai sauƙin kuɗi kamar yadda wasu ƙasashe suke yi. Shi ya sa hukumar takan tara guraben jihohi da yawa ta cike su a rana guda.

Lalle akwai hanyoyi dabam-dabam a duniya. A Faransa ana zaɓen ɗan majalisa tare da madadinsa, wanda zai hau kujerar idan ya rasu ko aka ba shi minista. Jamhuriyar Nijar ta bi irin wannan tsari a majalisarta kafin juyin mulkin 2023. A Afirka ta Kudu jam'iyya ake zaɓa, don haka ita take cike gurbi daga jerin sunayenta. A Indiya doka ta ba da wata shida a yi sabon zaɓe. A Amurka kusan rabin jihohi suna yin zaɓe, sauran kuwa naɗi suke yi.

Kowace hanya da amfaninta da illarta. Bar wa jam'iyya ta naɗa magaji ya fi arha da sauri, amma yana mayar da kujerar jama'a ta zama kayan rabo a hannun shugabannin jam'iyya. Misalin Bagwai da Shanono ya isa hujja: da an bi wannan hanya, da kujerar ta zauna a jam'iyyar da masu ƙuri'a suka juya wa baya da aka tambaye su. Ban da haka, sashe na 117 ya ce wakilin kowace mazaɓa zaɓensa za a yi kai tsaye, don haka sauya wannan sai an gyara Tsarin Mulki da yardar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Tsarin madadi ya fi kusa da adalci, domin jama'a sun ga sunan mutumin tun ranar zaɓe, sai dai shi ma yana bukatar irin wannan gyara.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa zaɓen cike gurbi dabam yake da zaɓen ƙarashe da na maimaici, mun ga dalilan da suke haddasa shi, mun kuma ga ratar da ke tsakanin kwana 30 na doka da wata 16 na aikace. A ganinmu, kujerar majalisa amana ce ta mutanen mazaɓa, ba mallakar jam'iyya ko ta wanda ya zauna a kanta ba, don haka su ya kamata a koma wa duk lokacin da ta faɗi. Abin da ya fi dacewa shi ne a ware wa hukumar zaɓe kuɗi na musamman kowace shekara don wannan aiki, tun da an san ba a shekara ba a yi rashi ba. Idan kuma kwana 30 sun yi kaɗan, a gyara doka a sa wa'adin da za a iya cikawa, a kuma tsaya a kansa.

Saura aikinmu mu ɗaliban Hausa. Mu ne za mu shiga gidajen rediyo da jaridu da azuzuwa, kuma da kalmominmu mutumin Tudun Wada ko Gama zai fahimci wane irin zaɓe aka kira shi, da abin da doka ta ba shi. Idan muka rarrabe masa sunayen nan uku, muka sanar da shi cewa akwai wa'adin kwana 30, to ranar da kujerar mazaɓarsa ta faɗi zai san lokacin da ya kamata ya fara tambaya, da kuma wanda zai tambaya.